Eh ko A'a: Me Katin Tarot Ya Sani?



Malam shugaban wannan zama, malamaina da nake hange a sahun gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, da sauran jama'ar da suka baro harkokinsu suka zo, barkanmu da yamma. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, musamman da suka karɓi maudu'in da na zaɓa ba tare da sun yi mini kallon boka ba. Zan yi magana a kan wata kartar Turawa da ake kira tarot, da yadda ake sa ta amsa tambayar da amsarta ba ta wuce eh ko a'a. In auri wane? Zan sami aikin nan? Wance za ta dawo? Sai a cakuɗa kati, a zaro ɗaya, a ce maka eh, ko a ce maka a'a.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, ai abin Turawa ne. Haka ne, kuma a can zan bar akasarin labarin. Sai dai wayar da ke aljihunku ta riga ta kawo shi gida. Mai yawo a TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata zaune gaban kyandir tana cakuɗa kati ba, masu kallo suna turo tambaya haɗe da kyautar kuɗi. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2025 cewa kusan babba 1 cikin 10 yakan duba tarot aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yake mafi yawansu sun ce don nishaɗi suke yi. Ra'ayina, wanda zan kawo wa hujja a batutuwa shida, shi ne: idan aka matse tarot ta koma eh ko a'a, ƙuri'a ce kawai aka naɗa wa rawani.

Batu na farko: asalinta kartar wasa ce

Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370. A 1377 har hukumar birnin Florence na Italiya ta kafa dokar hana wasanta, alamar ta riga ta kama gari. Daga ina ta fito? Akasarin masana tarihin karta sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamalik ta tsallaka. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai wata tsohuwar kartar Mamalik da masani L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gida huɗu gare ta: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan ƙwallon dawaki. Ba a zana mutum a kanta ba, sai ado da rubutu. Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba, sai suka mayar da sandunan kulake. Waɗannan gidaje huɗu su ne har gobe a cikin tarot.

Abin da Italiyawa suka ƙara, wajen 1440, shi ne jerin katuna masu hoto waɗanda ke cinye kowane kati a wasa. Ambato mafi tsufa da aka samu daga Florence yake, a 1440, sai kuma littafin kashe kuɗi na fadar Ferrara a 1442. Sarakunan Milan, gidan Visconti da na Sforza, sun sa an zana musu tasu da hannu, har da shafen zinariya, kuma wasu daga cikin katunan suna nan a gidajen tarihi. Daga baya lissafin ya tsaya a kati 78: guda 56 na gidajen nan huɗu, kowane gida 14, sai manya 22 masu hoto. A cikin manyan akwai Fafaroma, Sarkin Sarakuna, Masoya, Mutuwa, Shaiɗan, Rana, Wata, Tashin Ƙiyama, da Wawa.

Ku lura da hotunan nan. Mu da muka gan su daga nesa sai su yi mana kama da sirri. Amma ga ɗan Italiya na ƙarni na 15, abubuwa ne da yake gani kullum a bangon coci da jerin gwanon bukukuwa. Kusan shekara 300 ana buga wannan karta a fada da mashaya, ana ci ana cinyewa, babu wata shaida cewa an ɗauke ta hanyar sanin gaibu. Akwai wani mai wa'azi na Italiya a ƙarshen ƙarni na 15 da ya yi mata wankin babban bargo a huɗubarsa, to amma laifin caca ya kama ta da shi. Da ana duba da ita a zamaninsa, kuna jin zai yi shiru? Wanda ya bi diddigin wannan tarihi da kyau shi ne Michael Dummett, malamin falsafa a Oxford, a littafinsa na 1980. Kuma har yau Faransawa suna buga tarot a matsayin wasa, suna da ƙungiyar ƙasa da aka kafa a 1973, ana gasa ana ba da kofi.

Batu na biyu: yadda wasa ya rikiɗe ya zama duba

A 1781 wani limamin Kirista masani a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya buga cewa tarot ragowar wani littafin hikima ne na malaman Masar ta Fir'auna. Hujjarsa? Shi da kansa ya ba da labari cewa ya tarar ana wasan a wani gida, ya kalli hotunan, nan take ya gane na Masar ne. Shi ke nan hujjar. A lokacin babu mutum ɗaya a doron ƙasa da ya iya karanta rubutun Fir'auna, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a sami ko ƙanshin tarot a ciki ba. Abin dariyar shi ne bawan Allah ya canki ƙasar daidai ya kuskure zamanin: akwai Masar a labarin, amma ta Alƙahirar Mamalik.

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ta baya ya koma Etteilla. Tsohon mai sayar da irin shuka ne. A 1770 ya fitar da littafin duba da karta ta yau da kullum, a 1785 ya koma kan tarot, sannan ya buga katunansa na musamman don duba. Ku riƙe sunan nan, domin shi ya yaɗa ƙa'idar cewa kati yana da ma'ana ɗaya idan ya fito a miƙe, wata ma'anar kuma idan ya fito kai ƙasa. A kan wannan ƙa'ida aka gina hanyar eh ko a'a mafi shahara a yau.

Sauran labarin zan bi ta kansa da sauri. A shekarun 1850 Éliphas Lévi ya haɗa manyan katuna 22 da haruffan Ibrananci 22. A 1888 aka kafa ƙungiyar asiri ta Golden Dawn a Landan. A 1909 mutum biyu da suka fito daga cikinta, Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith, suka fitar da kartar da kuke gani a bidiyo, kamfanin Rider ya buga. Matar nan ce ta zana wa ƙananan katuna 56 labari a hoto: takubba uku sun tsire zuciya, mutum kwance takubba goma a gadon bayansa. Ƙarfin tarot na yau, a ganina, rabinsa daga alƙalaminta ya fito, domin hoton ke sa gaban mutum ya faɗi tun kafin mai duba ya buɗe baki. Ta rasu a 1951 da bashi a kanta, karta kuma ta daɗe tana yawo da sunan Rider da Waite kaɗai.

Batu na uku: yadda ake fitar da amsar, da abin da lissafi ya ce

A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda na ambata. A cakuɗa katunan ana jujjuya su, a zaro ɗaya. Idan ya fito a miƙe, eh. Idan kai ƙasa, a'a. To, ɗalibai, kati yana da fuska nawa da zai iya fitowa? Biyu. Idan an cakuɗa da gaskiya, rabon eh 50 ne cikin 100, na a'a ma 50. Hoton da ke jiki, Rana ce ko Shaiɗan, bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Da kwabo ka jefa sama, abin da za ka samu ke nan.

Wasu sukan ce kati ɗaya bai isa ba, a zaro uku ko biyar, ɓangaren da ya fi yawa ya yi rinjaye. Ga ido kamar an ƙara tabbaci. Ku ƙirga da kanku: kati uku suna iya faɗuwa ta hanya 8. A cikin 4 miƙaƙƙu ne suka fi yawa, a cikin 4 juyayyu. Mun dawo rabi da rabi. Abin da aka ƙara kawai shi ne kalmomin "eh mai ƙarfi" da "eh mai rauni". Shi kuwa eh mai ƙarfin, wato duka ukun a miƙe, yana zuwa sau 1 cikin 8 ko da tambayar ita ce ko rana za ta fito daga yamma gobe.

Hanya ta uku ta fi wayo. Kowane kati an riga an rubuta masa hukunci a littafi. Rana, Tauraruwa da Duniya, eh. Hasumiyar da aradu ta faɗa wa, a'a. Ratayayye, wataƙila. Matsalar ita ce littattafan ba su yi ittifaƙi ba. Katin Wata, wani marubucin ya sa shi a layin a'a, wani a layin wataƙila. Katin Mutuwa, masu duba sukan rantse maka cewa sauyi yake nufi, kada ka ji tsoro, sannan ka buɗe jadawalinsu ka tarar da shi a ƙarƙashin a'a. Ke nan tambaya ɗaya, kati ɗaya, amsa biyu, ya danganta da littafin da mai duba ya saya. Kuma wanda ya tsara jadawalin shi ya ƙayyade yawan eh da za a ji, tun kafin a haifi tambayarka. Akwai wani abin wasan yara a Amurka, Magic 8 Ball, wata ƙwallo da ake girgizawa ta nuna amsa, tana kasuwa tun 1950. Amsa 20 ke cikinta: 10 eh, 5 a'a, 5 kuma a sake tambaya. Masu ƙera ta sun san abin da ke dawo da mai saye.

Akwai kuma hanyar neman kati mai lamba ɗaya, wanda irinsa guda 4 ne a cikin 78. Ana jera kati a tsibi har 13, idan mai lamba ɗaya ya fito a tsaya. Yawanci tsibi uku ake yi, a ƙirga nawa suka dace. Na zauna na lissafa rabon tsibin farko: kusan 53 cikin 100. Duk wannan zagaye, ga inda aka sauka, taku uku daga kwabo.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ai masu abin ba su ce katin ne ya sani ba, cewa suka yi wani ƙarfi ne ke jan hannun mai zarowa. To madalla, wannan da'awa ce da ake iya aunawa. A rubuta tambaya 100 masu wa'adi, a rubuta amsar kati, a jira, a ƙirga. Idan hannun yana da jagora, za a wuce rabi nesa ba kusa ba, kuma a maimaita a sake wucewa. Ban ce ku je ku gwada ba. Cewa na yi duk wanda ya yi muku wannan da'awa, ku nemi ya nuna muku littafin ƙirgarsa, har da wuraren da ya faɗi.

Batu na huɗu: to me ya sa mutane ke rantsuwa cewa ta faɗa musu gaskiya?

Da farko, rabin amsoshin dole su dace, kyauta. Mu kuwa 'yan Adam muna riƙe wadda ta dace mu ba da labarinta, wadda ta kuskure mu manta. Sannan tambayoyin galibi ba su da wa'adi. "Zai dawo?" Eh. Yaushe? Ba a faɗa ba, don haka ba ranar da za a ce an yi ƙarya.

Sai babbar ƙofa, wato maimaici. An ce maka a'a, ranka bai so ba, sai ka ce hankalina bai natsu ba, bari a sake. Masu duba ma suna da abin da suke kira katin ƙarin bayani. Wanda ya yarda ya zara har sau uku yana neman eh, zai same ta sau 7 cikin 8. Idan har sau biyar ne, sau 31 cikin 32. Wa ya amsa tambayar a nan, kati ko mai tambaya?

Idan kuma mai duba ya ƙara da sharhi, sai wani abu ya shigo wanda masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya nuna a 1948. Ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, jimlolinta ma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto yawancinsu. Maganar da ta dace da kowa, kowa ji yake da shi ake.

Wani abin lura: da yawa daga malaman tarot da kansu ba sa son tambayar eh ko a'a. Sukan ce ta yi wa katin ƙunci, gara a tambayi "me ya kamata in lura da shi". Na yarda wasunsu da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma ni dalilin da na gani daban ne. Dogon sharhi ba a kama shi da ƙarya, eh ko a'a kuwa ana kamawa.

Batu na biyar: abin da mai tambaya yake nema

Kada mu ɗauka Turawa ne suka fara. Masanin al'adu Evans-Pritchard ya zauna cikin ƙabilar Azande, a yankin da ya haɗa Sudan ta Kudu da Kwango da Afirka ta Tsakiya, ya buga littafi a kansu a 1937. Su guba suke ɗura wa ɗan tsako, mai suna benge, su ce idan abu kaza gaskiya ne ya mutu, in ba haka ba ya rayu. Sannan su juya sharaɗin su gwada da tsako na biyu don tabbatarwa. Idan amsa ta saɓa wa abin da ya faru, akwai uzuri a shirye: gubar ta lalace, ko wani ya karya sharaɗi, ko maita ta shiga tsakani. Baturen ya ce shi ma da wannan hanya ya riƙa tafiyar da harkokin gidansa lokacin da yake cikinsu, kuma ba ta gaza masa ba. Ban yi mamaki ba. Shawarwarin yau da kullum da yawa, ko ta ina ka bi za ka isa, abin da ke cutarwa shi ne tsayuwa a mararraba. Mu ma a nan mun san bugun ƙasa, wanda tushensa ɗigo ne a kan rairayi, a ƙirga a ga cika ne ko mara.

Larabawan Jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam. Ɗaya tana cewa yi, ɗaya tana cewa bari, ta uku ba rubutu, idan ta fito a sake. Eh, a'a, wataƙila: jadawalin tarot ke nan ba ragi ba ƙari, shekaru aru-aru kafin a zana katin farko. Alƙur'ani ya haramta su a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin zauren nan su ma sun san hanin duba a Maimaitawar Shari'a, sura 18. Amma ga abin da nake so malamaina su taya ni dubawa: ƙuri'a ita kanta ba a hana ta ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. An yi ƙuri'a a kan renon Nana Maryamu, an yi a jirgin Annabi Yunusa. Mene ne bambancin? Mai ƙuri'a ya san bai sani ba, yana raba gardama ne tsakanin masu haƙƙi daidai. Mai azlam kuwa yana ɗaukar faɗuwar kibiya a matsayin labari daga gaibu. Aikin hannun iri ɗaya ne, da'awar ce ta raba su. Ita kuwa istihara addu'a ce da ke tafiya tare da shawara da bincike, nauyin zaɓi yana nan a wuyan mai ita.

Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, Steven Levitt, ya gwada ƙuri'a tsirararta. Ya gayyaci mutanen da suka rasa tudun dafawa a kan wata shawara, kamar barin aiki ko rabuwa da masoyi, aka jefa musu kwabo ta intanet, sama da sau 20,000. Waɗanda kwabo ya ce musu su sauya sun fi sauyawa, kuma bayan wata shida waɗanda suka yi sauyin a manyan al'amura sun fi nuna gamsuwa. Levitt bai ce kwabo ya san gobe ba. Abin da ya fahimta shi ne mutanen da suka kai ga wannan ruɗu galibi sun cika jan ƙafa, ɗan turi kawai suke jira. Wannan shi ne iyakar alherin da zan iya yarda katin eh ko a'a yana yi, kuma kun ga ba ya buƙatar kyandir ko hoton Hasumiya.

Batu na shida: kuɗi, da tambayoyin da ke ƙona gida

A ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, talabijin a Amurka ya cika da tallar wata mata, Miss Cleo, da katunan tarot a gabanta da harshen mutanen Jamaika a bakinta, alhali a Los Angeles aka haife ta. Ana cewa ka kira kyauta, sai lissafin waya ya zo da kusan dala 5 a kowane minti. A 2002 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka ta maka kamfanonin da ke bayanta a kotu. Suka amince su yafe bashin kusan dala miliyan 500 da suke bin masu kira, su kuma biya tarar dala miliyan 5. Don adalci, hukumar ba ita matar ta tuhuma ba, fuskar talla ce. Amsar eh ko a'a gajeriya ce, to ta yaya ake cin kuɗi da ita? Kowace a'a tana haifar da sabuwar tambaya: me ya sa, wa ya jawo, me zan yi? Agogo kuwa yana tafiya.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Idan tambayar ita ce in sa shuɗiyar riga ko fara, ba wanda ya mutu. Amma ku saurari irin tambayoyin da ake turawa. Mijina yana neman wata? Kumburin nan na ƙirjina ba komai ba ne? Yarinyar da ke mini aiki ce ta ɗauki sarƙar? Kowace ɗaya tana da hanyar sanin amsarta: a zauna a yi magana, a je asibiti, a bincika. Idan aka miƙa ta ga kati, to a cikin kowane mutum biyu marasa laifi ɗaya zai fito da laifi, a cikin kowane marasa lafiya biyu ɗaya za a ce masa ya kwanta ya yi barci. Iyayenmu mata da ke nan ba sai na ba ku labarin gidajen da kalmar "an duba an ga wance ce" ta raba ba, kun fi ni sani, kuma a can ko kati ba a buƙata ba.

Malam shugaba yana kallon agogo, don haka a nan zan dasa aya.   Mai tambaya ko gyara, bisimilla, fili naku ne.